Barandar Berkeley: shimfiɗar hana ruwa ce ta kulle ruwan a cikin katako

Daren 16 ga watan Yuni 2015, sha biyu ta gota da kamar minti arba'in, wasu matasa suna bikin cikar ɗaya daga cikinsu shekara 21 a wani benen haya mai suna Library Gardens da ke titin Kittredge a garin Berkeley, jihar Kaliforniya ta Amurka. Yawancinsu ɗalibai ne daga ƙasar Ayalan, 'yan Dublin, sun zo aikin hutun bazara da bizar nan da ake ce ma J-1. Mutum 13 suka fita kan barandar gida mai lamba 405, can sama, sai kawai barandar ta karye daga gindinta inda ta haɗu da bango, ta kife ta faɗa kan wadda ke ƙasanta, ta zubar da su kan titi daga tsayin da ya kai ƙafa 40. Shida suka rasu, bakwai suka samu munanan raunuka, wasu a ƙwaƙwalwa wasu a laka. Ita mai bikin ta rayu da raunin ƙwaƙwalwa, har ta je gaban majalisar dokokin jihar a 2016 ta yi bayani da bakinta, daga baya ta rasu a farkon Janairun 2022. Ginin nan fa a 2007 aka gama shi, wato ko shekara goma bai yi ba.

Abu na farko da aka fara cewa, kuma duk inda irin haka ta faru shi ake fara cewa, wai sun yi wa barandar yawa. Har jaridar New York Times ta yi wani rubutu a ranakun da ya karkata kan hayaniya da shaye-shayen ɗaliban J-1, mutanen Ayalan suka fusata matuƙa, tsohuwar shugabar ƙasarsu Mary McAleese ta rubuta wa jaridar wasiƙa mai zafi, dole suka ba da haƙuri. To mu zo lissafi. Tsawon barandar bai kai ƙafa 9 ba, faɗinta kamar ƙafa 4 da rabi, ka ce murabba'in ƙafa 40. Ƙa'idar gini ta lokacin tace irin wannan baranda dole ta ɗauki nauyin fam 60 a kan kowace murabba'in ƙafa, idan ka ninka zaka samu wajen fam 2,400, wato ya ɗan haura kilo dubu. Matasa 13, ka ba kowa kilo 70, kilo 910 kenan. Basu ma kai iyakar ba, balle kuma injiniya baya lissafi ƙi-da-ƙi, kullum akwai rarar ƙarfi da ake bari a sama. Hukumar da ke ba 'yan kwangila lasisi a Kaliforniya, CSLB, bayan dogon bincike ita ma abun da ta ce kenan, da an gina barandar yadda aka zana ta da wuya ƙwarai nauyin mutum 13 ya karya ta. Yaran nan basu yi laifin komai ba.

Sai an gane yadda aka haɗa barandar kafin a gane inda aka yi ɓarnar. A can yawancin irin waɗannan benaye da katako ake yinsu, ba bulo da rodi irin namu ba. Ita wannan baranda ba ta da ginshiƙi a ƙarƙashinta, sandunan katako ne suka taho daga cikin daɓen ɗaki suka ratsa bango suka leƙo waje, su ke ɗauke da komai. Sandunan ma ba gungumen itace bane, irin wanda ake kira LVL ne, siraran fallayen katako da aka manne da gam aka matse, yana da ƙarfi sosai muddin a bushe yake. A kan sandunan sai a shimfiɗa allo, a kan allon sai shimfiɗar hana ruwa, irin ledar kwaltan nan mai gam a jikinta da maginan can ke ce ma bituthene, a kanta kuma a zuba siririn kankare kamar inci biyu dan a samu wajen takawa. Ta ƙasa kuma aka rufe da filasta ruf, babu ko ƙaramar kafar iska. Duk sandar da ta leƙo haka ba ginshiƙi, inda ta fi shan wahala shine daidai bakin bango, kuma nan ɗin dai shine bakin ƙofa, mahaɗar bango da daɓe, inda ruwa ya fi son taruwa. Wajen da ya fi ɗaukar nauyi shine wajen da ya fi jiƙa, kuma daidai nan sandunan suka karye.

Mako guda bayan faɗuwar, jami'an gini na garin Berkeley suka fitar da abun da suka gani, sandunan sun ruɓe sosai. Wanda ya ga hotunan lokacin zai tuna guntayen da suka rage a jikin bango, launin ƙasa-ƙasa, ma'aikaci na taɓawa da hannu suna marmashewa. Barandar ƙasa da ta faɗo a kai ita ma da aka duba an samu ruɓa a cikinta, aka cire ta gaba ɗaya.

Tambayar ita ce ta ina ruwan ya shiga, kuma amsar da bincike ya bayar ita ce ta fi tsaya min a rai, dan ruwan tun lokacin gini yake ciki. Hukumar lasisin ta zargi babban ɗan kwangilar, kamfanin Segue Construction, da kauce wa zane da ƙa'idar aikin da gangan. Zane yace a sa filawud a kan sandunan, sai aka sa allon OSB har hawa uku, alhali takardun aikin sun ce ba a yarda da shi a wajen ba. Shi OSB ɓarɓashin katako ne da aka haɗa da gam aka matse ya zama allo, ya fi filawud araha, yana da amfaninsa a inda yake bushe, amma idan ya sha ruwa bakinsa kumbura yake kuma baya saurin bushewa ko kaɗan, to ina ga an jera uku ɗaya kan ɗaya, ruwan da ya shiga tsakaninsu ta ina iska zata kai gare shi. Hukumar ta kuma ce zane ya nemi sandunan da aka dafa da maganin hana ruɓa, ba su aka sa ba. Sannan akwai shimfiɗar wucin gadi da ya kamata a rufe katakon da ita ya zauna a bushe kafin masu aikin hana ruwa su zo, ita ma ba a sa ba. Aikin ya faɗa cikin damunar 2005 zuwa 2006, su can da sanyi ake musu ruwa, kuma shekarar an yi ruwa sosai a arewacin Kaliforniya. Lissafin hukumar ya nuna katakon ya sha ruwan sama na kwana 38, sama da inci 13, kafin a rufe shi. Wannan ya kusa milimita 350, kusan ruwan damina sukutum kenan a garuruwa irin su Tawa a Nijar.

Sai aka zo aka manna ledar kwalta a kan wannan jiƙaƙƙen allo. Ita wannan leda aikinta kenan, ruwa baya ratsa ta, tururin danshi ma baya ratsa ta, kuma ba ta san sama da ƙasa ba, yadda take hana ruwan sama shiga haka take hana na ciki fita. Aka ɗora kankare a kai, aka rufe ƙasa da filasta. Kamar ka cusa jiƙaƙƙen kaya a leda ka ƙulle bakin ka ajiye a rana ne. Funfunar da ke cin katako abu huɗu take so, danshi da ɗumi da 'yar iska da abinci, shi katakon shine abincin. Masu aikin katako sun san idan danshin cikinsa bai wuce kashi 19 cikin ɗari ba lafiya lau yake, zai yi shekara da shekaru, amma da zarar ya doshi kashi 30 ya zauna a haka to ruɓa ta samu gida. Abun tsoron kuma shine katako yana rasa ƙarfinsa tun kafin ido ya ga ya canza, funfunar zaren cikin take fara ci, wanda shine ke hana shi karyewa idan an danne shi. Shi yasa baranda zata iya zama kamar lafiyarta ƙalau, fenti tsaf, kankare ba tsaga, ana fita ana shan iska shekara bakwai takwas, ran da nauyi ya ɗan ƙaru ta tafi lokaci guda ba gargaɗi.

Ni a ganina babban darasin aikin yana wajen jerin lokaci ne. Kayan hana ruwan ba jabu bane, babu wanda yace ledar ce ba ta da kyau. An sa ta a ranar da bai kamata ba, a kan abun da bai kamata ba. Na'urar auna danshin katako 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu, ka soka allurarta a jikin allo cikin daƙiƙa kaɗan ta nuna maka lamba. Da wani ya soka ya ce a dakata, a ɓamɓare allunan da suka kumbura, a bar sandunan su sha iska, asarar 'yan kwanaki ce da kuɗin allo. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane, kuma a aikin hana ruwa wannan magana a zahiri take, dan da zarar an zuba kankare an yi filasta babu mai sake ganin abun da ke ciki sai an fasa.

Me yasa babu wanda ya ce a dakata? Saboda yadda ake raba aiki. Babban ɗan kwangila yana sama, kafintocin da suka kafa katako kamfaninsu daban, masu shimfiɗar hana ruwa daban, masu filasta daban, masu kwanon da ake sawa a mahaɗar bango da ƙofa daban. Kafinta zai ce shi ya gama nashi ya tafi, ruwan da aka yi bayansa ba ruwansa. Mai shimfiɗa zai ce an kira shi ranar kaza yazo ya shimfiɗa a kan abun da ya tarar. Mai filasta zai ce zane bai nuna masa kafar iska ba. Kowa da gaskiyarsa a bakinsa, amma ƙa'idar aikin hana ruwa a ko'ina ita ce mai shimfiɗa shi ke da alhakin duba wajen kafin ya fara, idan bai bushe ba ko ba shi da gangara ya ƙi yi, ya rubuta ya ba shugaban aiki. Shi kuma babban ɗan kwangila ai kuɗin da ake biyansa na haɗa kan waɗannan mutane ne. Ƙari a kan haka, dokar lokacin ba ta tilasta a kira jami'in duba gini ya ga shimfiɗar da idonsa kafin a binne ta ba, sai bayan wannan musiba aka saka hakan.

Sai batun alamomi, wanda shi kuma ya shafi masu gida da masu kula da shi. A ƙararrakin da iyalan suka shigar kan masu gidan, wato kamfanin zuba jari na BlackRock, da kamfanin Greystar mai kula da hayar, lauyoyi sun yi zargin cewa 'yan hayar da suka zauna a gidan tun wajen 2008 zuwa 2010 sun kai ƙorafin lemar kwaɗi tana tsirowa a jikin barandar, kuma daga baya barandar ta fara ɗan karkata. Zargi ne na cikin ƙara, an yi sulhu ba a kai ga hukunci a kansa ba, amma duk wanda ya san katako ya san ma'anar wannan alama. Ruwa baya tsami banza. Lemar kwaɗi ba a kan kankare take rayuwa ba, idan ka gan ta a jikin gini to jijiyarta tana cikin katakon da ya riga ya ruɓe, abun da ya fito waje ƙarshen al'amari ne. Ranar da aka ga haka ya kamata a kulle ƙofar barandar a kira injiniya.

Anan ne nake son a tsaya a kan gyara, dan gyaran banza ya fi yawa a wannan sana'a fiye da ginin banza. Abun da aka saba yi idan mai gida ya ga tabon ruwa ko tsaga shine ya kira mai fenti ko wani mai gyare-gyare, a kankare wajen, a cusa silikon a tsagar, a shafa sabon ruwan roba a sama, ya yi kyau yana ƙyalli, a karɓi kuɗi. A baranda irin ta Berkeley wannan ƙara mata ciwo ne, dan ka sake toshe 'yar hanyar da danshin zai iya fita, kuma ka ɓoye alamar da zata sa wani ya tsorata. Wasu ma tayil suke ɗorawa a kai, su ƙara nauyi a kan sandunan da suka riga suka mutu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gyara na gaskiya daga ƙasa yake farawa. A buɗe silin ɗin ƙasan barandar, ko aƙalla a huda a zura 'yar kyamara, a soki katakon da tsinken ƙarfe musamman a bakin bango, a auna danshi. Idan an samu ruɓa sai a bi ta har inda ta tsaya, ko da ta shiga cikin daɓen ɗaki, dan sandar da ta leƙo waje rabin ƙarfinta a ciki yake, kuma injiniya ne zai ce ga wadda za a canza ga wadda za a ƙarfafa, ba kafinta ba. A ɗaye tsohuwar shimfiɗa duka. A gyara gangara, ƙa'idar ita ce kwatan inci a kowace ƙafa, wato kashi 2 cikin ɗari, kuma gangarar a ƙarƙashin shimfiɗar ake yinta, dan idan saman kankare ne kawai ke da gangara ita ledar tana kwance a miƙe, ruwan da ya ratsa kankaren zama zai yi a kanta yana neman 'yar kafa. Shimfiɗar ta hau jikin bango kamar inci shida, filasta ko abun rufin bangon ya sauko ya rufe bakinta daga sama, ba ita ta hau kan filasta ba, in ba haka ba ruwan da ke gangarowa daga bango bayanta zai bi. Bakin ƙofa a sa masa kwanonsa mai naɗaɗɗen gefe kafin a kafa ƙofar. Ƙarfen kariya kuma kar a huda shimfiɗa a kafa shi sannan a shafa gam a gindin ace an gama, duk ƙusa ko noti da ya ratsa leda ƙofar ruwa ce, gara a kafa shi ta gefe. Idan ruwan roba ake shafawa irin su foliyuritan, kaurinsa yana da ƙa'ida, shafi na farko ya bushe kafin na biyu, kuma idan aka shafa a kan waje mai danshi ƙuraje zai yi ya ɗaye cikin 'yan watanni. Daga ƙarshe kafin a rufe, a toshe magudanar a cika wajen da ruwa a bar shi awa 24, a leƙa ta ƙasa a gani. Sannan a bar kafar iska a silin ɗin, da 'yar ƙofar da za a riƙa buɗewa ana dubawa.

Wani zai ce mu da muke zuba dekin da rodi ina ruwanmu da ruɓar katako. Kayan ne suka bambanta, kuskuren ɗaya ne. Sau nawa ake kiran masu fel, wato shimfiɗar kwaltan nan ta hana ruwa, su zo su ƙona shi a kan dekin da aka zuba bai yi wata ba, ko kwana ɗaya bayan ruwan sama, rana ta buga danshin ya taso fel ɗin ya kumbura ya fashe, damina na zuwa ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya rasa hanyar fita. Kankare sabo yana son aƙalla kwana 28, kuma akwai gwaji mai sauƙi, ka manna leda mai faɗin inci 18 a kansa ka liƙe gefenta da salatif ka bar ta awa 16 ko fiye, idan ka ɗaga ka ga raɓa ko wajen yayi duhu to bai bushe ba. Dekin da aka zuba a miƙe ba gangara, bututun fitar ruwa ya fi daɓen tsayi, ga tankin ruwa an ɗora yana zuba kullum, ga silin ɗin POP a ƙasa ya ɓoye komai. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa kankaren daga ciki. A Amurkar ma an ga na kankaren, benen Champlain Towers South a Surfside ta jihar Florida da ya rushe ranar 24 ga Yuni 2021 ya kashe mutum 98, tun 2018 injiniya Frank Morabito ya rubuta musu cewa shimfiɗar hana ruwa ta filin wajen wanka ta lalace, an kwantar da ita a kan daɓe marar gangara, kuma tana lalata kankaren da ke ƙasa, aka yi ta jan ƙafa kan kuɗin gyara. Iyayenmu masu soro sun fi mu kiyaye wannan, rufi da gangararsa, indararo ya leƙa nesa da bango, kafin damina a hau a yi yaɓe a shafa makuba, kuma azara a fili take daga cikin ɗaki, ran da ta fara jiƙa mai gida yana kwance zai gani.

Mu koma Berkeley. A watan Maris 2016 babbar mai gabatar da ƙara ta gundumar Alameda, Nancy O'Malley, ta sanar cewa baza ta tuhumi kowa da laifin kisa ba. Ta yarda ruwa ne ya maƙale a cikin barandar tun lokacin gini, saboda irin kayan da aka sa da kuma ruwan saman da aka yi, amma tace hannaye da yawa ne a ciki kuma babu hujjar da zata tabbatar wa kotu cewa wani mutum guda yayi sakacin da ya kai na laifi. Wannan hukunci ya yi wa iyalan ciwo, kuma ni ma ina ganin rabon aikin da ya haifar da matsalar shine ya zama garkuwa ga waɗanda suka yi ta. Abun da aka samu shine ta ɓangaren lasisi da diyya. A 2017 aka soke lasisin Segue, da sharaɗin sai bayan shekara biyar zasu iya sake nema, kuma a shekarar aka yi sulhu da iyalan, da farko da kamfanonin da suka yi ginin, daga baya da masu gidan da masu kula da shi, ba a bayyana adadin kuɗin a hukumance ba. Ginin kansa yana nan, an canza masa suna zuwa K Street Flats.

Wani abu da ya fito a binciken 'yan jarida ya fi komai ɓata wa mutane rai. Ashe cikin shekara uku kafin faɗuwar, kamfanin ya biya wajen dala miliyan 26.5 a sulhun ƙararrakin aikin da bai yi kyau ba, ciki har da na ruwa da ya lalata barandu a wasu gidaje a Millbrae da San Jose, kuma hukumar lasisi ba ta san da ko ɗaya ba, saboda babu dokar da ta ce sai an gaya mata. Likita ko injiniya idan ya biya irin wannan diyya hukumarsa tana sani, ɗan kwangila kuwa shiru. Da hukumar ta sani, ko banza wani zai ce a je a duba sauran gine-ginen da suka yi. Sanata Jerry Hill na majalisar jihar shi ya ɗauki maganar, aka fara da dokar SB 465 a 2016, sannan SB 1465 a 2018 wadda ta wajabta kai rahoton sulhun da ya kai dala miliyan ɗaya a aikin gidajen haya masu yawa.

Garin Berkeley bai jira jiha ba, a watan Yulin 2015 majalisar garin ta yi dokar gaggawa, sabbin barandu sai da katakon da aka dafa da magani ko ƙarfe, sai da kafar iska, tsofaffi kuma a duba su cikin wata shida. Da aka yi wannan dubawar an samu gidaje sama da 400 da ke buƙatar gyara, a gari guda ɗaya kawai, wanda ya nuna barandar gida mai lamba 405 ba ita kaɗai bace, ita ce dai ta riga faɗuwa. Ƙa'idar gini ta jiha ita ma aka gyara ta, aka ƙara nauyin da baranda zata ɗauka, aka wajabta gangara da kafar iska da duba shimfiɗa kafin a rufe. Sai dokar SB 721 da gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2018, wadda tace duk gidan haya mai ɓangare uku ko fiye, barandu da matakalai da hanyoyin sama da katako ke ɗauke da su, in dai sun haura ƙafa shida daga ƙasa, dole ƙwararre ya duba su duk shekara shida, tare da shimfiɗar hana ruwansu. A 2019 aka yi SB 326 dan gidajen da kowa ya mallaki ɓangarensa, su kuma duk shekara tara.

Dokokin sun yi amfani, amma akwai inda nake da ja. SB 721 kashi 15 cikin ɗari na kowane irin baranda ta ce a duba a ƙalla, kuma matsalar shimfiɗa ba kamar matsalar zane bace da zaka ce idan ɗaya tayi kyau duka sun yi. Wannan an shimfiɗa ta ran da ake rana, waccan washegarin ruwa, wannan tana fuskantar inda iska ke kaɗo ruwan sama, waccan tana lungu, a bene mai baranda ashirin ana iya duba uku a samu lafiya alhali ta huɗun ce ke ruɓewa. Kuma mai gida ne ke ɗaukar mai dubawa ya biya shi. Wa'adin dubawar farko ma da aka sa 1 ga Janairu 2025, majalisa ta ƙara wa masu gidajen haya shekara guda zuwa 1 ga Janairu 2026, sama da shekara goma kenan bayan faɗuwar barandar kafin dubawar farko ta zama dole a duk faɗin jihar.